Wasiƙa Kan Ƙaramar Motar da ke Cikin Kwali

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, kuma na sha dariya da na karanta inda ka ce ka zaci motar a haɗe take, sai ka buɗe kwali ka tarar da gutsattsarin roba maƙale a jikin firam, da doguwar takardar bayani cike da zane da lambobi. To barka da shigowa. Na daɗe ina yi maka tallan abin nan kana ce mini wasan yara ne, yau ga shi da kanka ka kawo kanka.

Ka yi dace a zaɓi. Volkswagen Beetle ta 1966 ta kamfanin Tamiya mota ce mai daɗin farawa, domin sassanta suna shiga juna ba tare da kokawa ba. Mutanen nan na Shizuoka a Japan ba su wasa da awo. Lokacin da za su fitar da Porsche 934 a 1976, sai da suka sayi Porsche 911 ta gaske suka kwance ta kaf don su auna kowane ƙarfe. Saboda haka idan ka ga wani sashe ya ƙi zama, kada ka danna shi da ƙarfi, koma ka duba takardar, galibi juya shi ka yi.

Yanzu ga tambayarka. Ka jero mini kayan da kake son saya: siraran sassan ƙarfe na ƙarin ado, wayoyin inji, tayoyi na musamman, har da ƙaramar bindigar feshi. Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna, ka dubi lambar da ke jikin kwalin, wato 1/24. Kowane abu a motar an raba shi gida 24. Beetle ta gaske ta ɗan haura mita 4 a tsawo, taka kuwa za ta tsaya a wajen santimita 17. Wannan kowa ya sani. Abin da sabon shiga ke mantawa shi ne lissafin yana juyowa: duk abin da ka ɗora wa motar, ko ka bari a jikinta, ido ninka shi yake yi sau 24. Tudun roba mai kaurin rabin milimita da ka ƙyale a kan rufi, a motar gaske tudu ne na milimita 12. Ka taɓa ganin mota ta fito daga kamfani da irin wannan ƙari a ka? Ɗigon gam ɗaya a gilashi ya zama tabo mai faɗin tafin hannu. Da wannan lissafi nake yanke hukunci a kan komai, daga kaurin fenti har zuwa wayar fulogi, kuma shi ya sa nake ganin mota mai tsabtar jiki wadda ba a ƙara mata komai ba ta fi wadda aka cika wa kayan ado alhali jikinta duk kurji.

Af, kafin in manta, nan gaba za ka ci karo da 1/25. Ma'aunin Amurka ne, na kamfanoni irin su AMT da MPC. Kamfanin AMT ya fara ne a 1948 da yi wa dillalan motoci ƙananan samfura na talla, daga baya ya shiga sayar da su a warwatse don mutum ya haɗa da kansa. Shi kuwa 1/24 rabin inci ne a madadin ƙafa ɗaya, kuma shi Japanawa da yawancin Turawa suka riƙe. Bambancin kaɗan ne, sai ka jera su kafaɗa da kafaɗa za ka lura.

Kayan aikin farko ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yankan gefe, wuƙa mai siririn baki, hantsaki, samfefa daga lamba 400 zuwa 2000, da gam na ruwa. Kada ka murɗe sashe daga firam da hannu, zai tafi da naman robar ya bar rami. Yanke shi ɗan nesa da jiki, sannan ka share ragowar da wuƙa. Kuma kada ka cire komai sai an zo kansa, domin lambobin a jikin firam suke, da zarar sashe ya rabu da lambarsa kun shiga 'yar ɓuya.

Bodin motar shi ne inda za ka zauna ka daɗe. Narkakkiyar roba ake ɗurawa cikin mazubin ƙarfe mai ɓangarori, kuma duk inda ɓangarorin suka haɗu sai siririn layi ya fito a jikin motar. Ɗaga bodin ka karkata shi a gaban fitila, ka bi shi da farce, za ka ji layin yana kama ka. Kankare shi da bayan wuƙa a hankali, ka bi da samfefa jiƙaƙƙe, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Amma a Beetle sai ka yi hattara. Tsakanin kowane mudgad da gangar jiki akwai wani siririn ƙeri, wato ɗan layi mai tudu, da ke zagaye, kuma a motar gaske ma yana nan, domin mudgad ɗinta ɗaure su ake yi da noti, a sa ƙerin a tsakani. Wanda bai san motar ba zai ɗauka layin mazubi ne ya goge shi. Nemi hotunan ta 1966 ka ajiye a gabanka, ka san abin da za ka cire da abin da za ka bari.

Gam ɗin robar nan narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda. Ka haɗa sassan a bushe ka tabbata sun zauna, sannan ka taɓa bakin haɗin da ɗan burushin murfin, gam zai bi layin da kansa. Yatsanka ya yi nesa da wurin, in ba haka ba zanen yatsarka zai zauna a robar. Gam ɗin ba ya kama fenti ko kurom, wato shafen nan mai ƙyalli kamar azurfa, sai ka kankare wurin haɗin tukuna. Gilashi da fitilu kuwa kada wannan gam ya kusance su, haka ma sufa gulu, wanda tururinsa ke sa gilashi ya yi fari fat. Farin gam na katako ya wadatar, idan ya bushe ba a ganinsa.

Sai fenti, inda yawancin mutane ke zubar da wahalarsu. Fentin motar gaske duka-duka kaurinsa bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Raba wannan gida 24 ka gani, babu hannun da zai iya, iyaka dai ka yi sirara gwargwadon iko. Fenti mai kauri yana cike layukan ƙofa, ya shafe tambari, ya dakushe kowace kusurwa. Wanke bodin da ruwan sabulu don cire maiƙon mazubi da na hannu, ka bar shi ya bushe. Fesa faraima, wato shafen farko da ake yi kafin launi, mai ruwan toka. Aikinta biyu ne, tana riƙe fenti, kuma tana tona asirin duk wani kurji da ka zaci ka gama da shi. Ka gyara, ka sake fesawa, har sai ta daina nuna maka komai.

Gwangwanin feshi ya ishe ka a wannan motar, bindiga ta jira ta uku ko ta huɗu. Tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, ka girgiza shi sosai. Riƙe shi kamar santimita 20 daga motar, ka fara feshi kafin ka iso kanta, ka wuce ta sannan ka saki. Shafe biyu na farko su zama yayyafi kawai, har kana hango faraima ta ƙasa, da ɗan hutu a tsakani. Na ƙarshe ne za ka ɗan jiƙa ta har ta yi sheƙi, ka tsaya kafin ya fara zuba. Idan ka yi nisa da yawa, fentin zai bushe a iska ya sauka da gurje-gurje kamar ɓawon lemo. Idan iska ta cika danshi, sai ya yi hazo-hazo. Da ka gama ka kifa mata kwali mai tsabta saboda ƙura, kuma ka yi aikin a inda iska ke ratsawa, da takunkumi a hanci, tururin nan ba abin shaƙa ba ne.

Fenti iri uku ne za ka riƙa gani: laka (lacquer da Turanci), inamel da akirilik. Laka ya fi su zafi, wato ƙarfin narkarwa, idan ka ɗora shi a kan inamel zai cinye shi ya yamutse. Ana iya ɗora mai sanyi kan mai zafi, akasin haka ne ke jawo kuka. Duk haɗin da ba ka taɓa gwadawa ba, fara gwada shi a bayan cokalin roba. Launi kuma ka zaɓi wanda ba shi da ƙyalƙyali. Ƙwayoyin ƙyalli na yawancin fentin gwangwani sun yi wa 1/24 girma, kuma Beetle ta wancan zamani ta fi kyau da launi tsantsa. Bayan feshi ka ba ta mako guda. Na san halinka da gaggawa, shi ya sa nake nanatawa: in ka kai hanci ka ji warin tina, bai bushe ba. Bayan nan ne za ka iya bin ta da jiƙaƙƙen samfefa mai lamba 2000 zuwa sama, ka goge da man sheƙi, kana kaffa-kaffa da kusurwoyi don nan fenti ya fi sirara.

Ado biyu ne nake ganin sun cancanci wahalarsu a jikin bodi. Na farko, ka tsinka baƙin fenti ko ruwan toka mai duhu har ya zama ruwa-ruwa, ka ɗiga a layin ƙofa da na bonet, zai gudu ya bi ramin da kansa, ka share abin da ya fita. Nan take ƙofar za ta yi kamar ana iya buɗe ta. A mota mai haske toka ya fi, baƙi yana sa layin ya yi faɗin da ya wuce kima. Na biyu, siririn ƙarfen ado da ke bin gefen motar da tsakiyar bonet. Akwai wata takardar ƙarfe mai gam a baya, Bare-Metal Foil, da ake mannawa a kai, a danne da auduga, a bi gefe da sabuwar wuƙa ba tare da dannawa ba. Burushi ba zai taɓa ba ka layi miƙaƙƙe irin nata ba.

Injin kuma, tunda na ga can hankalinka yake. Na Beetle a baya yake, silinda 4 a kwance biyu-biyu suna fuskantar juna, iska ke sanyaya shi, saboda haka kada ka nemi lagireto ko tiyon ruwa. Kada ka shafe shi duka da azurfa. Gidan fanka da faifan da suka rufe silinda baƙaƙe ne marasa sheƙi sosai, gangar injin toka ce mai duhu-duhu, fanbel baƙi ne dusashe. Wannan bambancin launi kaɗai ya yi rabin aikin. In kana son wayoyin fulogi, koma ga lissafinmu: ta gaske wajen milimita 7 ce, taka ke nan 0.3. Ba sai ka saya ba, fasa tsohuwar wayar abin saurare na kunne za ka samu sirara a ciki. Huda kan dilko, wato mai raba wuta ga fulogai, da ɗan mahuji na hannu, huɗu a zagaye, ɗaya a tsakiya mai zuwa kwayil. Tsarin tashin wutar injin 1-4-3-2 ne, in ka bi shi duk makaniken da ya leƙa zai gyaɗa kai. Ka bar wayoyin su ɗan saki su kwanta, domin waya mai nauyi ba ta tsayawa ƙiƙam a iska. Wayar da ta yi kauri kuwa gara babu ita.

Cikin motar ba ya buƙatar dogon bayani, ta gilashi za a hango shi. Kujeru kada su yi sheƙi, agogon dashbod ka ɗiga masa fenti garai-garai ya zama gilashinsa, shi ke nan. Tayoyi ka goge tafinsu da samfefa, layin tsakiya ya tafi, ƙyallin sabuwar roba ya mutu. Wajen ɗaura su ka ajiye motar a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen bisa kafin gam ya kama, ka tabbata duk huɗun sun taka ƙasa. Taya ɗaya a sama tana ɓata aikin wata guda, kuma ita mai kallo zai fara gani.

Idan ka gama wannan kuma abin ya shige ka, akwai wadda nake so mu haɗa a lokaci ɗaya, kai a can ni a nan: Tyrrell P34, motar tsere mai taya 6 da Jody Scheckter ya ci gasar Suwidin da ita a 1976. Tamiya sun yi ta a 1/20, injinta duk a waje yake, a nan ne za ka sha wayoyi har ka gaji.

Yanzu dai fara da bodi. Idan ka fesa faraima, ɗauko mini hotonta da haske ta gefe kafin ka sa launi, in duba maka layukan, kuma ka faɗa mini launin da ka tsayar. Ƙananan sassan nan da wuƙar ka ɗaga su sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ka gaishe mini da mutanen gida da kyau, da duk wanda ya tambaye ni. Sai na ji daga gare ka.

Wassalam,
Naka abokinka.