Godiya ga Ofishin Kula da Muhalli da Gandun Daji na Madarunfa

Ranka ya daɗe shugaban ofishi, tare da dukan ma'aikatanka, assalamu alaikum.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata kwaleji cikin garin Maraɗi. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, don abin da kuka yi mana ranar da na kawo ɗalibaina kallon tsuntsaye a tafkin Madarunfa ya wuce a ce "mun gode" a bakin mota kawai.

Mun yi da ku za mu iso da sanyin safiya, sai ga shi taya ta fashe mana a hanya, kuma direbanmu ba shi da safaya. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta ci mana kusan uku. Na ɗauka za mu tarar kowa ya kama gabansa. Ashe jami'in da kuka haɗa mu da shi yana nan gindin kuka, cikin koren kakinsa, yana jira. Abin da ya ce kawai shi ne ("Mushe" ake kiran malamin boko a nan Nijar): "Mushe, hantsi ya yi, amma tsuntsun ruwa ba ya ƙaura. Ku dai rage surutu."

Gaskiya, mu talakawa in muka hangi ɗan gandun daji, tarar saran gawo ce ke fara faɗo mana a rai. Yaran ma haka suka yi tsuru-tsuru da farko.

Madubin hangen nesa guda ɗaya ne, ya riƙa zagayawa hannu-hannu. Ya nuna mana zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, ga balbela bayan shanun Fulani, ga garken kirinjijiya da ya sa muka rufe ido muka saurari fitonsu kafin mu gan su. Ya ce zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake ƙwai, shi ya sa in ka matso yake tashi da kururuwa don ya janye hankalinka. Wata yarinya ta tambayi ina shamuwa. Ya yi dariya, ya ce ai baƙuwar damina ce, da hunturu tana can kudancin Afirka. Sannan ya nuna wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsattsagar laka, ya ce waɗannan daga Turai suke, sun ƙetare Sahara suna gudun sanyi. Wani ɗalibina da ba ya rabo da danƙon harbi ya daɗe yana kallonsu, ya ce: "Mushe, wannan ɗan abin?" Na ga lokacin da ya tura danƙon can cikin aljihu.

Shekara nawa ina koyar da ƙaurar tsuntsaye a allo, ban taɓa ganin ta shiga kan yaro kamar ranar ba.

A bakin jami'in yawancinsu suka fara jin cewa tun 2019 tafkin yana cikin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, kuma tun 2006 Nijar ta sa shi, tare da dajin da kaburburan waliyyai 99, cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Bai ɓoye mana damuwarsa ba: yashi na cike tafkin, ana kuma saran itace a gefensa. Da ya ba su labarin raƙuman dawa 8 da aka ɗauko daga Kure, kusa da Yamai, aka kai gandun dajin Gadabeji a 2018, sai aji ya rikice, kowa na cewa can za mu baɗi. Wannan kam sai aljihun iyaye ya yarda.

Da za mu tafi na dunƙula ɗan abin goro na miƙa masa. Ya ƙi, ya ce in saya wa yara soyayyar karfasa wajen matan masunta. Haka aka yi.

Roƙona ɗaya: in hali ya yi, a ƙara madubin ko da guda biyu ne, don na baya a layi sai tsuntsun ya tashi kafin ya zo kansu. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a bakin aiki. A gaida mana jami'in nan, a ce masa mai danƙo yanzu littafi ya buɗe, ya rubuta sunan tsuntsu 14.

Naku,
Wani malamin kwaleji, Maraɗi