Baƙonku bai kawo tambaya ko ɗaya ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙonku na daren Laraba ya ɓata mini rai. Ya dage cewa duk tambayar auna tunani da ta taɓo siyasa farfaganda ce, mai gabatarwa kuma ya bar shi yana ta zuba, ko sau ɗaya bai ce masa "karanto mana tambayar mu ji" ba. Yara masu shirin rubuta bak, jarrabawar kammala sakandare, suna saurare fa!

Abin nan yana da ma'auni. Ɗauki wannan: "Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta 2019. Bayan nan ciniki ya ja baya a Ɗan Isa, garin da ke kusa da iyaka. Ashe rufewar ce kaɗai sanadi. Wane zance ya fi raunana wannan hujja?" Amsar ita ce wadda ta kawo wani sanadi na daban, kamar faɗuwar darajar naira ko ƙarancin damina. Da mai goyon bayan rufewar da mai tsine mata, kowa zai iya cin makin, don abin da ake nema yaro ya hango kalmar "kaɗai", ya kuma san cewa zuwan abu bayan wani ba ya nufin wancan ne ya haife shi.

Sai a juya ta. A sa buɗe iyakar na Disamba 2020, a ce ciniki ya farfaɗo. Idan amsar da ta yi daidai tana nan da irin siffarta, tambaya ba ta da laifi. Idan sai yaro ya yarda da wani ɓangare kafin ya ci, to an cusa ra'ayi.

Son kai na gaske a takardar amsoshin da ake ba masu gyara yake laɓewa: a ba da maki don matsayar da yaro ya ɗauka, a manta da yadda ya gina hujjarsa. Yana shiga ta kalma ma, a rubuta "almubazzaranci" inda "kashe kuɗi" ya isa. Kuma a ƙirga: cikin gurɓatattun hujjoji goma, idan tara a bakin ɓangare guda aka sa su, wannan ne abin kuka. Ko ɗaya baƙon bai ambata ba.

Sannan don Allah tallar maganin basir ɗin nan. Sau uku ta katse shirin, har mai kira daga Tibiri bai ƙarasa tambayarsa ba. Ku maida ta ƙarshen shiri.

Mai sauraronku,
daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi