Wasiƙa Daga Kano Kan Tsofaffin Zane-zanena

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Dalilin wannan wasiƙa shi ne, a makon jiya ɗakin ajiyarmu ya yi yoyo, na fito da tsohuwar adakar nan don in shanya kayan ciki, sai ga zane-zanen barkwancin da na riƙa yi wa jaridar nan ta mako-mako tun kana Kano. Wasu gara ta ci gefensu, wasu kuwa tawadar tana nan baƙa wuluk kamar jiya na ajiye alƙalami.

Ka dai tuna da ɗan garuwan nan da nake sa shi yawo cikin gari, kowane mako a zane mai gida huɗu, na huɗun shi ne na dariya. To, na zauna na karanta su tun daga La'asar har Magariba, kuma in gaya maka gaskiya, kaɗan ne suka ba ni dariya. Abin da ya riƙe idona shi ne garin da na zana a bayan mutanen, wanda a lokacin na ɗauke shi cikon takarda kawai, har edita yakan yi mini faɗa cewa ina cunkusa tarkacen da ba wanda zai duba.

Akwai ɗaya da na yi a shataletalen Bata: 'yan acaɓa sun yi cincirindo, na ja layuka barkatai a samansu a madadin hayaƙi, ga hayis ta karkace don nauyi, kwandasta ya rataye a ƙofa da kuɗi a tsakanin yatsunsa. Jikana ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ina 'yan Adaidaita Sahu suka shiga. Ai kuwa yana da hujja, domin an hana acaɓa a Kano tun 2013, bai taɓa ganin titi a wannan kama ba. Haka kuma Ƙofar Nassarawa da na zana babu gadar sama, sai da na rantse masa kafin ya yarda wurin ne.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na mai sayar da kira a ƙarƙashin lema, bayan shigowar wayar salula a 2001, lokacin da ake lissafin kuɗi da minti-minti. Ɗan garuwa ya biya kuɗin minti ɗaya zai aika saƙo gida, ya fara da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, yana buɗe baki zai faɗi abin da ya kawo shi mai lema ya fizge wayarsa. Na tuna kai kanka ka yi dariya har da hawaye. Yaran gidanmu sun karanta sun dube ni shiru, tunda su yanzu sai su yini suna hira ta WhatsApp.

Na ga laifina ma a ciki. Na cika mayar da mutumin ƙauye abin dariya, alhali hatsinsa muke ci, kuma mata ba su cika fitowa ba sai a bakin zaure. Da yau ne da ban yi haka ba. Shi dai ɗan garuwa bai tsufa ba ko kaɗan, garwa biyu da sanda ce kawai ta koma jarkoki a kura, kuma yau da safe ma na sayi guda huɗu a hannun magajinsa.

Ina so in haɗa waɗanda suka tsira in sa a ɗauke su a kwamfuta, amma na nemi na Hawan Daushe na rasa, kuma ina kyautata zaton yana cikin jaridun da ka tafi da su. Don Allah ka duba, in ka same shi ka ɗauki hotonsa da rana ka turo mini. Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Amininka na Kano.