Sanarwa Kan Kula da Yara a Dogon Hutu

Assalamu alaikum, iyaye ƴan wannan rukuni. Tunda an shiga dogon hutu, ina roƙonmu kada mu cika wa yara yini da darasin hutu da aike har su rasa lokacin wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki aƙalla minti 60 kullum, kuma langa, gaɗa da ƙwallo sun wadatar.

Barci ne ya fi damuna, domin ɗan firamare na buƙatar awa 9 zuwa 12. A karɓe wayoyi bayan sallar isha'i, a yi musu tatsuniya, su kwanta cikin gidan sauro. Kasancewar damina ce, don Allah a hana su wanka a kududdufi.