Kafin a ce "maleriya da taifot ne", a auna laktet

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana Hausawan Legas, da kuma masu asibitocin da muke kai marasa lafiyarmu. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibitin kuɗi a Agege, kuma akwai takardar da na gaji da karɓa: wadda aka rubuta gwajin maleriya da na Widal (wato gwajin taifot) kaɗai, alhali mai jinin yana kwance yana haki, bai san wanda ke kansa ba.

Cutar da ke damuna ita ce sefsis. Ƙwayar cuta ce ke samun ƙofa, ko ta huhu, ko ta mafitsara, ko ta gyambo, ko ta mahaifar mai jego, sai garkuwar jiki ta tashi yaƙi ta wuce gona da iri, ta koma tana lalata ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwar mai ita. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu, miliyan 11 suka rasu, kusan mutuwa ɗaya ke nan cikin kowace biyar a duniya. Kimanin miliyan 20 na waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Gwajin Widal ba ya ganin wannan. Hasali ma ko taifot ɗin ba ya tabbatarwa yadda ya kamata, domin a ƙasa irin tamu mutum lafiyayye ma yana iya fitowa da shi. Ganin ƙwayar maleriya a jini kuwa ba ya hana a ce akwai wata cutar tare da ita. An taɓa kawo mana wani mahauci da wuƙa ta yanke shi a hannu, hannun ya kumbura ya yi ruwa. Kafin ya iso an riga an yi masa gwaji a wani wuri, an ce maleriya da taifot, ya sha magani a gida har fitsari ya ɗauke. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da aka tura shi babban asibiti wankin ƙoda.

Gwajin da nake wa kwaɗayin kowane sashen gaggawa shi ne laktet. Idan jini ya daina kai iska gaɓoɓi yadda ya kamata, wannan sinadari sai ya taru, kuma yakan hau tun awon jini (BP) bai faɗi ba, wato tun majinyacin yana iya amsa gaisuwa. Ya haura 2, likita ya buɗe ido. Ya kai 4, babu sauran jira. Akwai na'urarsa ta hannu mai kama da ta awon suga, ɗigon jini ɗaya, cikin ɗan lokaci sakamako ya fito. Ya fi kyau kuma a yi shi a gefen gado. Jinin da aka zuba a kwalba aka ba ɗan'uwan majinyaci ya shiga Keke da shi cikin cunkoson Legas ya riga ya lalace, domin ƙwayoyin jinin suna ci gaba da cin suga suna fitar da laktet a cikin kwalbar, sai lambar ta fito da ƙarya.

Akwai CRP da furokalsitonin, gwaje-gwajen jini biyu da lambarsu ke hawa idan jiki na yaƙi da ƙwayar cuta, kuma ina ganin yadda wasu ke tallar su kamar su ne alƙalai. CRP yana da nawa, sai kusan kwana 2 yake kai ƙololuwa. Furokalsitonin ya fi shi sauri, cikin 'yan awoyi yake tashi, sai dai tsada, kuma maleriya mai tsanani tana ɗaga su duka biyun, har laktet ɗin ma. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na kula da sefsis na 2021 ma sun ba da shawarar kada a dogara da furokalsitonin wajen fara antibayotik, amfaninsa ya fi fitowa wajen sanin lokacin dainawa. Ƙa'idojin sun ce wanda awon jininsa ya faɗi, ko aka yi zaton sefsis sosai, a ba shi antibayotik cikin awa ɗaya. A ɗebi jinin da za a shuka a gano ƙwayar cutar tukuna, amma ba a jiran sakamakonsa, don yakan ɗauki kwanaki. Nan ma kafso ɗin da aka saya a kemis aka sha kafin zuwa yakan hana ƙwayar tsirowa, mu yi ta jira a banza.

Ku kuma 'yan'uwa, ba ku buƙatar na'ura kafin ku gane an shiga haɗari. Babban mutum mai zazzaɓi ko rauni da numfashinsa ya kai 22 a minti, ko ya fara sambatu, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko mai jego da jikinta ya yi zafi ana jin wari, ba na kemis ba ne, ba kuma na "bari a ga gobe" ba. Mun saba cewa iska ce idan mutum ya rikice. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti.

Ga hukuma: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa. To ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas ta sa na'urar laktet cikin kayan da dole a samu kafin a ba asibiti izinin buɗe sashen gaggawa, a kuma tabbatar gwajin yana cikin abin da inshorar Ilera Eko ke biya. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ranar 13 ga Satumba ce ranar sefsis ta duniya. Ku gayyato likita ko nas su yi wa jama'a bayanin waɗannan alamomi bayan sallar Juma'ar makon.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Agege, Legas.