Yaƙi da cin hanci: ƙirga mata a ofis bai wadatar ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ku ba mu fili mu tsoma baki a maganar da ake yawan yi a tarukan yaƙi da cin hanci da rashawa, wato a dama da mata da masu buƙata ta musamman. Muna goyon baya. Damuwarmu ita ce galibi aikin kan tsaya a ƙirga kawuna: mata nawa suka zo taro, nawa aka ɗauka aiki.

Tunanin cewa yawan mata na rage cin hanci yana da asali. Wani bincike da masanan Bankin Duniya suka wallafa a 2001 ya nuna cewa ƙasashen da mata suka fi yawa a majalisa sun fi ƙarancin cin hanci. Tun 1998 ma Peru ta fara damƙa wa 'yan sanda mata kula da zirga-zirgar motoci a birnin Lima. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa inda kotuna ke da 'yanci, jaridu ke da baki, a nan ne mata suka fi samun shiga, a nan ne kuma ɓarawo ya fi jin tsoro. Macen da aka ajiye ƙarƙashin shugaban da ke jiran kasonsa duk mako ba ta da wani tsimi da zai kare ta.

Inda gyara ya fi gaggawa shi ne doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin hanci, wadda aka amince da ita a 2003 ta fara aiki a 2005, ta yi magana a sashe na 15 kan duk wata fa'ida da ba ta halatta ba, ba kuɗi kaɗai ba. Sai dai masu binciken laifi sun saba da neman shaidar banki da kuɗin da aka yi wa alama. Jami'in da ya nemi mace da lalata kafin ya ba ta maki, ko aiki, ko katin tallafi, ba ya barin rasit. Kuma abin ba ƙarami ba ne: a binciken ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International na 2019 a Latin Amurka da Karibiyan, mutum ɗaya cikin biyar ya ce ya fuskanci haka ko ya san wanda ya fuskanta. Tarkon yana nan: dokar cin hanci kan hukunta mai bayarwa da mai karɓa, don haka wadda aka tilasta wa tana iya zama abar tuhuma da zarar ta buɗe baki. Tanzaniya ta ware sashe na 25 a dokarta ta 2007 ga mai riƙe da iko da ya nemi lalata, laifin yana kansa. Irin wannan fayyacewar ake buƙata.

Sai hanyar kai ƙorafi, wadda a nan ne ake yawan tuntuɓe. Hukuma ta buɗe layin waya kyauta, ta ce ta gama. To wayar wa za a kira da ita? Mata da yawa aron waya suke yi a gida, kuma saƙon "mun karɓi ƙorafinki" na iya faɗawa hannun wanda bai kamata ya gani ba. Tambayar farko ga mai ƙorafi ita ce ta wace hanya, kuma a wane lokaci, za a neme ta ba tare da an jefa ta cikin haɗari ba. A ba ta lambar ƙorafi da za ta riƙa bin kadi da ita, sunanta ya tsaya wurin mutum ɗaya ko biyu. A karɓi saƙon murya saboda wanda bai iya rubutu ba. A samu jami'a mace da ɗaki mai ƙofa, a ɗauki bayani sau ɗaya. Wadda aka sa ta maimaita abin kunya gaban mutum biyar ba za ta dawo ba. Idan an riga an ci zarafinta, a haɗa ta da asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Akwatin ƙorafi kuwa, abin dariya, sau da yawa a gaban teburin wanda ake ƙorafi a kansa ake kafa shi, mabuɗin ma yana aljihunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya na da wata nakasa. Ofishin ƙorafi a hawa na uku babu lif ya kori gurgu. Layin kira ya kori kurma, sai an haɗa da saƙon rubutu da tafintan maganar hannu. Makaho kuma dole ya nemi mai cike masa fom, sirrinsa ya fita tun daga nan. Duk waɗannan kuɗi suke ci, in ba a ware musu layi a kasafin hukuma ba, a takarda za su ƙare.

Alƙaluma ma suna yaudara. Idan mai ƙididdiga ya tambayi maigida kaɗai ko ya ba da toshiyar baki cikin wata 12, za a ji labarin 'yan sanda da kwastan da ofishin lasisi. Na goron da ake karɓa a ɗakin haihuwa, da wajen sa yaro makaranta, da layin rabon tallafi ba zai fito ba, domin mata ne a waɗannan layukan. A zaɓi wanda za a tambaya a gida ta hanyar ƙuri'a, mace ta tambayi mace a keɓe, a rarrabe amsoshi bisa jinsi, shekaru, nakasa, birni ko ƙauye. Don nakasa akwai tambayoyi shida da Washington Group, wata ƙungiyar masana ƙididdigar nakasa, ta tsara, kan gani, ji, tafiya, tunawa, kula da kai da sadarwa. Sai a yi hattara wajen wallafawa: rukunin da bai kai mutum goma ba a haɗe shi da wani, in ba haka ba maƙwabta za su gane wadda ta yi magana.

Roƙonmu ga wakilanku, duk ran da wata hukuma ta kira taron manema labarai ta faɗi yawan ƙorafin da ta karɓa, su tambaye ta nawa ne daga mata, nawa daga nakasassu, kuma daga ciki nawa suka kai gaban alƙali.

Wassalam,
Wasu masu karatu