Rahoton Ayyukan Shekara: Tafiyar Kilimanjaro da Shawarwarin Kwamiti

'Yan uwa mambobi, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekarar da ta ƙare. An gudanar da atisayen tafiyar ƙasa na kowane wata yadda aka saba, an kuma gyara tantunan da suka yage. Sai dai mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne ga hawan Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Afirka, domin ƙololuwarsa, Uhuru, ta kai mita 5,895.

Mun bi hanyar Machame cikin kwana bakwai, kowane dare a tanti. Wasu sun so a taƙaita zuwa kwana shida saboda rage kashe kuɗi, kwamiti bai amince ba, kuma abin da muka gani ya nuna ƙin amincewar ya yi daidai. Da zarar mutum ya haura mita 2,500, ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci suna iya kama shi, komai ƙarfin jikinsa, saboda iskar da yake shaƙa tana ta raguwa, har ta kai a ƙololuwa abin da numfashi ɗaya ke kai wa jiki kusan rabin na bakin teku ne. Maganin wannan shi ne lokaci. Shi ya sa a rana ta uku muka hau Lava Tower, kimanin mita 4,600, sannan muka gangara muka kwana a zangon Barranco, domin jiki ya ɗanɗana tsawon kafin a nemi ya kwana a cikinsa. 'Yan jagoranmu, waɗanda dokar wurin ta wajabta tafiya da su, ba su gaji da faɗin "pole pole" ba, wato sannu a hankali da Swahili.

A zangon Barafu, zango na ƙarshe kafin ƙololuwa, aka gwada tsarinmu. Da yamma ɗaya daga cikin matasanmu, wanda ya fi kowa sauri a atisaye, ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, kuma da aka ce ya taka 'yan sawu a miƙe sai ya riƙa tangaɗi, alamar ƙarancin iska ya taɓa shi sosai. Nan take shugaban tafiya da babban jagora suka yanke hukuncin a sauko da shi a daren, duk da roƙon da ya yi, kuma kafin gari ya waye ya dawo hayyacinsa. Kwamiti yana ɗaukar wannan hukunci a matsayin aiki mafi muhimmanci da aka yi a shekarar. Sauran suka tashi wajen tsakar dare da fitilu a goshi, ruwan gora yana daskarewa a jaka, suka iso Stella Point, wani wuri a saman dutsen dab da ƙololuwa, da fitowar rana, daga nan suka ƙarasa Uhuru.

Wajibi ne mu ambaci 'yan dako. Babu ruwa a Barafu, daga kwarin Karanga suke ɗauko shi su hauro da shi, bayan tantuna da kayan girki da suke riga mu isa da su kowane zango. Mun ga wasunsu da takalman da ba su dace da wannan sanyi ba, abin ya dame mu ƙwarai, kuma laifinmu ne da ba mu bincika ba tun kafin mu ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ya shirya mana tafiyar.

Saboda haka kwamiti yana neman babban taro ya amince da cewa daga yanzu ba za a shirya hawan Kilimanjaro na ƙasa da kwana bakwai ba, kuma hukuncin jagora na saukar da mutum ba abin jayayya ba ne. Haka nan, kafin a biya kowane kamfani, sai ya rubuta mana albashin 'yan dakonsa da nauyin kayan da kowannensu zai ɗauka. Za a kaɗa ƙuri'a a kan waɗannan a zama mai zuwa.